Yadda za ka shirya tafiyar mota daga Maskat zuwa Sur a ƙasar Oman, duwatsu a dama teku a hagu

Daga Maskat zuwa Sur kilomita wajen 200 ne, kuma titin lafiyayye ne mai hannu biyu, in ka taka mota ba tsayawa awa biyu da 'yan mintuna ka isa. To matsalar ke nan. Mutane da yawa da sun ga haka sai su ce ai tafiyar yini ɗaya ce, a fita da safe a dawo da daddare, sai su ƙare da zama a mota suna leƙen teku ta gilashi, su isa Wadi Shab, wani kwari mai tafkuna da ke kan hanyar, da tsakar rana zafi na dukansu, su koma Maskat a gajiye ba su ga komai ba. Wannan hanya ba da kilomita ake lissafa ta ba, da rana da ruwa ake lissafa ta, wato yaushe rana take fitowa, yaushe take faɗawa bayan duwatsu, da kuma ko an yi ruwan sama a can saman tsaunin. Ka ware mata kwana uku, in hali bai yi ba biyu, amma ban da yini ɗaya.

Tun kana gida

Fara da biza, kafin tikiti kafin komai. Hukumar 'yan sandan masarautar Oman ce ke kula da biza kuma suna da shafinsu na intanet, sharaɗin ya danganta da fasfon da kake riƙe da shi, wanda yake da iƙamar wata ƙasar Gulf kamar Daular Larabawa (Dubai) ko Saudiyya ko Qatar hanyarsa daban da wanda zai taso kai tsaye daga Kano ko Yamai. Ka duba da kanka a shafin, kar ka tsaya a kan abin da ejan ya faɗa maka da baki kawai, kuma kar ka biya kuɗin jirgi sai bizar ta fito. Jirgi kuma sai ka sauya a wani wuri, Doha ko Alkahira ko Adis Ababa. Wanda yake zaune a Dubai zai iya shigowa da mota ta iyakar Hatta, amma in motar haya ce sai kamfanin ya ba shi takardar izinin tsallaka iyaka da ita, kuma sai da inshorar da ke aiki a Oman, ba kowane kamfani ke yarda ba, ka tambaya tun kafin ka karɓi makulli.

Lokaci: daga Oktoba zuwa Maris. Daga Mayu zuwa Satumba zafin kan wuce digiri 40 ga gumi na bakin teku, kar ka ce ai ni ɗan Sakkwato ne na saba, namu zafin busasshe ne, wannan kuwa iskar ce da kanta take jiƙe, minti goma a waje rigarka ta manne. Disamba da Janairu sun fi daɗi amma a nan ne masauki ya fi tsada kuma ya fi cika. In tafiyarka ta faɗo cikin azumi ka sani gidajen abinci a rufe suke da rana, cin abinci a bainar jama'a ma laifi ne, kuma tafiyar ƙafa a Wadi Shab da azumi a baki ba ƙaramin abu ba ce, gara ka matsar da ita bayan sallah. Sannan ka kauce wa Juma'a da Asabar, su ne ranakun hutunsu, duk Maskat kan kwararo wannan hanyar. Ka fita Lahadi ko Litinin.

Ka yi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun a gida ka haɗa da naka na asali, duka biyun za ka nuna. Ka tanadi katin banki da ka tabbatar yana aiki a waje, don kamfanin haya zai riƙe wasu kuɗi a kai na jingina sai ka dawo da mota lafiya a sake su, wani lokaci sai bayan makonni saboda suna jiran ko tara za ta fito. Magani in kana sha ka taho da shi a kwalinsa da takardar likita, musamman masu ƙarfi na ciwon jiki, ƙasashen Gulf ba sa wasa da wannan ko kaɗan, kuma don Allah kar ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi.

Kuɗinsu riyal ne amma ba irin na Saudiyya ba, riyal ɗaya na Oman ya kai dala biyu da senti sittin, kuma baisa dubu ce riyal ɗaya. Saboda haka in ka ga an rubuta 1.500 riyal ɗaya da rabi ake nufi, in ka ga 0.200 baisa ɗari biyu ce. Lambar tana zuwa ƙarama a ido shi ya sa kuɗi ke zurarewa ba ka ankara ba, riyal 20 fa ya haura dala 50. Ka riƙe canji a aljihu, takardun riyal ɗaya da rabin riyal da baisa ɗari, za su yi maka amfani a hanya.

Wajen karɓar mota

Abin da zai kwantar maka da hankali, a hannun dama ake tuƙi kamar Najeriya da Nijar, sitiyari a hagu, ba wani sabon abu. Ƙaramar mota ta isa duk inda zan lissafa a kan kwalta. Jif mai jan ƙafa huɗu sai in kana da niyyar shiga can cikin Wadi Tiwi ko hawa tudun Salma ko shiga yashi a hanyar dawowa, kuma kuɗinta ya kan ninka. Ni a ganina wanda zai fara zuwa ya ɗauki ƙarama ya tsaya a kwalta, abin gani ya ishe shi.

Kafin ka sa hannu ka tambayi abu uku. Akwai iyakar kilomita a rana ko babu, don wasu kamfanonin suna sa iyaka in ka wuce a caje ka kan kowace kilomita. Inshorar me ta ɗauka, yawanci ba ta ɗaukar ɓarnar da ta faru a hanyar da ba kwalta in ƙaramar mota ce. Sannan wane mai take sha, M91 ko M95. Bayan nan ka zagaya motar da wayarka kana ɗaukar bidiyo a gaban ma'aikacin, kowane ƙarce kowace lotsawa, gilashi da taya, ka buɗe but ka ga safaya da jak da sifana suna nan, ka kunna esi ka ji yana sanyi da gaske. Ka ɗauki hoton mitar kilomita da ta mai.

A filin jirgin dai ka sayi layi, Omantel ko Ooredoo, da fasfonka za a yi maka rajista nan take. Ka sauke taswirar yankin a waya yadda za ta yi aiki ko ba sabis, don cikin kwaruruwa sabis ɗaukewa yake. Sunayen garuruwa rubutunsu bai tsaya ɗaya ba, za ka ga Quriyat wani wajen Qurayyat, Shab wani wajen Ash Shab, gari ɗaya ne, in kana karanta Larabci ko na allo ne ka bi rubutun Larabcin ya fi tabbas. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, mutanen Nijar su zo da adafta. Agogonsu yana gaban namu da awa uku.

Daren da za ka tashi ka shiga babban kanti ka sayi ruwa katan biyu, kula da ƙanƙara, dabino, burodi, 'ya'yan itace, ledar zuba shara, da jakar da ruwa ba ya shiga don waya da makullin mota. Takalmi kuma wanda zai iya shiga ruwa ya riƙe dutse, ba silifas ba, ba kuma takalmin fata ba. Ka cika tanki a Maskat. Akwai gidajen mai a hanya, Shell da Oman Oil da Al Maha, ma'aikaci ne ke zuba maka, amma ka ɗauki ɗabi'ar da tanki ya kai rabi ka cika.

Doka a titi: babbar hanya iyaka 120 ce, kuma kyamarori a jere suke, ba ɗan sandan da zai tsayar da kai ku yi magana, tarar sai dai ta same ka a katinka. Yawancin motoci da zarar ka wuce 120 za su fara ƙarar gargaɗi, wannan ba lalacewa ba ce. Keta jar danja hukuncinsa mai tsauri ne sosai, da ta nuna ruwan ɗorawa ka tsaya kawai. A shataletale wanda ke ciki shi ke da hanya. Layin hagu na masu wucewa ne, in wani ya matso bayanka yana haska fitila ka koma dama ka ba shi wuri. Lambar gaggawa 9999.

Maganar ruwa, wadda ta fi duk sauran

Duwatsun da za ka bi gefensu su ne Hajar ta Gabas, tsirara suke ba ciyawa ba ƙasar da za ta shanye ruwa, to in aka yi ruwa a sama duka sai ya taru ya gangaro ta kwaruruwan nan da suke kira wadi ya nufi teku da ƙarfin tsiya, ɗauke da duwatsu da itace. Kana iya kasancewa a ƙasa rana tana haske sama garau, ruwan ya iso maka daga inda ba ka ga hadarinsa ba. A watan Yunin 2007 guguwar Gonu ta yi wa Maskat da Ƙurayyat mummunar ɓarna, a Afrilun 2024 kuma ambaliya ta kashe mutane a ƙasar ciki har da yara 'yan makaranta da ruwa ya tafi da motarsu a yankin Sharƙiyya ta Arewa. Saboda haka kowace safiya ka duba sanarwar hukumar yanayi ta ƙasar, in an ce akwai hadari a kan duwatsu ranar ba shiga wadi, ko da ita kaɗai ce ranar da ta rage maka. A inda ƙananan tituna suka ratsa kwari za ka ga sanduna masu fenti ja da fari, in ruwa ya taɓa jan ka tsaya ka jira ya janye, yawanci 'yan awoyi ne. Kar ka bi wata jif don ka ga ta tsallake. Kuma kar ka ajiye mota ko ka kafa tanti a tsakiyar busasshen kwari komai kyan inuwarsa.

Rana ta farko

Ka yi asuba ka kama hanya. Titin da kake nema shi ne mai lamba 17, ta Amirat. In ka biyo ta Baushar za ka hau wani tsauni mai kwana-kwana ka ga Maskat shimfiɗe a ƙasa, wajen gangarowa ka sa ƙaramar giya kar ka ɗora ƙafa kan birki har ƙasa. Kar ranka ya ɓaci in ka yi kusan awa guda ba ka ga teku ba, wannan ɓangaren ta cikin duwatsu yake bi, kuma da yake kudu maso gabas ka nufa rana za ta riƙa dukan idonka da safe, ka tanadi baƙin gilashi.

Tsayawar farko Ƙurayyat, garin masunta ne, ka sauka daga babban titi ka shiga har bakin ruwa. Akwai tsohuwar ganuwa a tsakiyar gari da wata hasumiyar tsaro a bakin teku, in ka iso da wuri za ka tarar ana sauke kifi. A nan za ka karya. Ƙananan shagunan shayi suna ko'ina, ka ce a ba ka karak, shayi ne mai madara da kayan ƙamshi, kuɗinsa baisa ɗari zuwa ɗari biyu, ka haɗa da burodinsu mai siriri da ake sa wa ƙwai da cuku. Daga nan in kana so ka karkata ciki zuwa dam ɗin Wadi Daiƙa, shi ne mafi girma a ƙasar, ruwa kore shar tsakanin jajayen duwatsu, kwalta ce har can. Awa ɗaya ta isa.

Daga Ƙurayyat ne tekun zai bayyana a hagunka, duwatsu a dama, kuma daga nan har Sur haka za ku yi ta tafiya tare. Kai direba tekun a gefenka yake, to ka san wannan jarrabawa ce, in kana son kallo ka nemi mafita ka sauka, ba a tsayawa a kafaɗar babban titi ana hoto. Awaki da jakuna kan fito titi, wani lokaci raƙumi, shi ya sa ba na son kowa ya tuƙa wannan hanya da daddare in ba dole ba.

Sai ramin Bimma, a allo za ka ga Hawiyat Najm. Wani ƙaton rami ne da ƙasa ta rufta ruwa ya taru a ciki, mutanen wajen na cewa tauraro ne ya faɗo, masana kuma sun ce dutsen alli ne ruwa ya cinye ta ƙasa har rufin ya faɗa. Bai kai kilomita ɗaya daga teku ba don haka ruwan da ɗan gishiri. An kewaye shi da lambu, akwai bayan gida da inuwa da matakalar sauka, kuma akwai ƙananan kifaye da za su riƙa tsakurar ƙafarka in ka tsoma ta. Gefe ba zurfi amma tsakiya da zurfi sosai. Minti arba'in zuwa awa ɗaya, ka wuce.

Daga Bimma kar ka koma babban titi, ka bi tsohuwar hanyar da ke manne da gaɓa ta nufi Fins, wani wajen kwalta wani wajen burji mai kyau, a hankali dai. Wannan ɗan tsakanin shi ne zuciyar tafiyar gaba ɗaya a wurina, ga farin dutse da teku ya sassaƙe, ga ruwa shuɗi har ƙasa kana gani, ga tsauni tsaye a bayanka, kuma sau da yawa ba kowa sai kai. Kusa da Fins akwai gaɓa mai farin yashi inda mutane ke kafa tanti su kwana, ba a hanawa, amma ba ruwa ba bayan gida ba shago, duk abin da ka zo da shi ka tafi da shi har sharar. Da ƙaramar mota kar ka hau yashi, ka ajiye ta a kan tauri ka taka da ƙafa.

Sallah a nan akwai abin lura. Mu a gida gabas muke kallo, a Oman kuwa Makka tana yamma, wato a wannan gaɓar duwatsu za ka fuskanta ka ba teku baya. Masallatai suna kowane ƙauye da kusan kowane babban gidan mai, da wajen alwala mai tsabta, da yawa da ɓangaren mata. A masallatai da yawa za ka ga mutane sun saki hannu a sallah, mabiya mazhabar Ibadiyya ne, ka shiga sahu ka yi sallarka ba mai kallonka. Kai matafiyi ne kuma, kana da sauƙin ƙasaru.

A lokacin sanyi rana kan faɗi wajen biyar da rabi, kuma da yake bayan duwatsu take faɗawa inuwa na rufe gaɓar tun kafin nan. Ka isa masauki da haske. Akwai 'yan masaukai a wajen ƙauyen Tiwi da ke kusa da Wadi Shab, in ba ka samu ba ka ƙarasa Sur, kilomita arba'in da wani abu ne, otal sun fi yawa a can, da safe ka dawo.

Rana ta biyu, Wadi Shab

Ka kasance a wurin da sassafe, wajen ƙarfe takwas. Ana ajiye mota a ƙarƙashin gadar babban titi. Kar ka bar abinci a fili, awakin wajen sun saba da mutane har cikin mota suke sa kai. Za ka shiga ƙaramin kwalekwale a tsallaka da kai ɗaya gefen, minti biyu ne, riyal ɗaya zuwa da dawowa, tsabar kuɗi. Ka tambayi mai kwalekwalen ƙarfe nawa ne na ƙarshe, yawanci wajen biyar na yamma, ka riƙe wannan a ranka.

Daga nan ƙafa ce, minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya. Farko ta cikin gonakin dabino da ayaba, za ka ga magudanan ruwa na siminti da dutse da suke kira falaj, da su ake ban ruwa tun zamanin kakanni kuma har yau kowane manomi da lokacinsa na ruwa, don haka kar a wanke ƙafa ko a zuba sabulu a ciki, kar a tsinki ɗan itacen kowa. Sai hanyar ta hau gefen dutse, ƙasa ruwa ne mai zurfi, wajen ya sulɓe saboda yawan takawa, a nan ka riƙe hannun yaro. Sai manyan duwatsu da za ka riƙa haurawa, akwai alamun fenti a jiki ka bi su. Kowane mutum ya ɗauki ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, ba shago a ciki.

Ƙarshen tafiyar ƙafa shi ne tafki na farko, daga nan sai iyo. Tafkuna ne a jere, na farko ana iya takawa a wurare da yawa, na ƙarshe ƙafa ba ta taɓa ƙasa, a ƙarshensa akwai wata tsaga a dutse da kai kawai ke wucewa a saman ruwa, in ka ratsa sai ka ɓulla cikin kogo da ruwa ke zubowa daga sama. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma ina roƙonka ka ji wannan: da yawanmu ba mu iya ruwa ba, ba mu taso da shi ba, kuma ba abin kunya ba ne. A cikin kogon nan ba wajen tsayawa, bangon sulɓi ne, kuma ba ma'aikacin ceto. In ba ka iya iyo sosai ba ka tsaya a tafki na farko inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ko ka zo da rigar hana nutsewa ka ɗaure ta da kyau, kar abokai su zuga ka. Mutane sun rasa rayukansu a kwaruruwan Oman ta wannan hanyar. Tsalle daga kan dutse kuma a bar shi.

Sutura ba za ta zame mana matsala ba, alluna na roƙon baƙi su rufe jiki, maza riga da wando har gwiwa, mata da kayan da suka rufe su, sai dai 'yar'uwa ki guji zani ko doguwar abaya mai nauyi a cikin ruwa mai zurfi, tana jiƙewa ta naɗe ƙafa. Hoton matan ƙauye ba a ɗauka sai da izini, jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuma sai da lasisi.

Ka fito kafin azahar, lokacin ne ayarin masu yawon buɗe ido ke shigowa. Ka ci abinci a Tiwi, shinkafa da gasasshen kifi. Wadi Tiwi na nan gaba kaɗan, mota na shiga, kwari ne mai ƙauyuka da gonaki a kan matakala, amma hanyar tana ƙara matsewa tana ƙara tsayuwa har ta zama mota ɗaya ce ke wucewa tsakanin katangun gidaje. Da ƙaramar mota ka shiga 'yan kilomitoci na farko, da ka ga ta fara tsanani ka juya tun kana da wajen juyawa. Mutane ne ke zaune a nan, ka ba motocinsu hanya.

Kafin Sur za ka wuce Ƙalhat. Yau kufai ne, abin da ya rage a tsaye shi ne ginin kabarin Bibi Maryam, amma daga ƙarni na 11 zuwa na 15 babbar tashar jiragen ruwa ce ta daular Hormuz, ana fitar da dawakai zuwa Indiya, har Turawan Fotugal suka far mata a 1508. UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2018. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya zo nan a ƙarni na 14, shi ɗin dai da daga baya a 1353 ya sauka Takedda a ƙasar Nijar ta yau har ya ambaci Gobir. Sau da yawa wajen a rufe yake saboda aikin gyara, amma ana hango ginin daga hanya, tsayawar minti goma ce.

Sur da kunkuru

Sur garin maƙera jiragen katako ne, da su kakanninsu suka yi ta zirga-zirga zuwa Zanzibar da Indiya, kar ka yi mamaki in ka ji dattijo yana Swahili. Ka je wajen da har yanzu ake sassaƙa jiragen da hannu a bakin ruwa, ka ga Fatah al-Khair, tsohon jirgin da aka ajiye a tudu don tarihi, sannan da la'asar ka haye gadar da ke rataye zuwa unguwar Aija inda hasumiyar fitilar jirage take. Shaguna kan rufe daga azahar zuwa wajen huɗu, sai bayan magariba gari ke cika. Ka nemi mishkak, tsire ne nasu da ake ci da miyar tsamiya, ka sayi halwa ta tsaraba, in aka miƙo maka gahawa da dabino ka karɓa da dama, in ta ishe ka ka girgiza ɗan kofin.

Ras al-Jinz tana gaba da Sur, ƙasa da awa ɗaya, can ƙuryar gabashin yankin Larabawa. Wuri ne da aka keɓe tun 1996 saboda korayen kunkurun teku da ke fitowa da daddare su haƙa rami su zuba ƙwai wajen ɗari su rufe su koma, bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fito su nufi ruwa, dila da ƙaguwa da tsuntsaye na jiransu. Ba a shiga sai da jagora, zagaye biyu ne, na dare da na asuba, kuma sai ka yi rajista tun da wuri don ana ƙayyade mutane. Sun fi fitowa a watannin zafi, a lokacin sanyi ana ganinsu amma kaɗan, wani daren ɗaya ko biyu, ka je da sanin haka. Ba a kunna fitilar waya ko filashin kyamara, haske na sa uwar ta fasa ta koma, 'ya'yan kuma ya ɓatar da su su bar hanyar teku. Ba a taɓawa, ba a tsayawa a gabanta, ba hayaniya. Ka kwana a nan kusa ko a Ras al-Hadd maimakon komawa Sur cikin dare, in ka samu na asuba ka ɗauka, za ka ga rana na fitowa daga cikin teku kuma hoto ya halatta da gari ya waye.

Dawowa

Hanya biyu ce. Ko ka koma ta inda ka zo, yanzu tekun a dama yake, na kusa da direba shi zai more, kuma duk abin da ka tsallake ka cike shi. Ko ka bi ta ciki, titi mai lamba 23, ta Alkamil ka leƙa Wadi Bani Khalid wanda tafkinsa ba nisa daga wajen ajiye mota, ya fi sauƙi ga yara da tsofaffi, ka wuce gefen yashin Sharƙiyya ta Bidiyya, ka bi ta Ibra ka shiga Maskat. Wannan ta fi tsawo, in za ka tsaya a hanya ka ba ta yini cur, in kuma kana son kwana a yashi ka ƙara rana ta huɗu, ka ajiye ƙaramar motarka a gari masu sansanin da za ka kwana a ciki su zo su ɗauke ka da tasu.

Kar ka sa jirginka a ranar da za ka dawo, ruwa ɗaya ya isa ya tsare ka awoyi. Kafin ka mayar da mota ka kai ta wajen wanki a share yashin da ke ciki don wasu kamfanonin na cajin wannan, ka cika mai daidai yadda ka karɓa, ka sake ɗaukar bidiyonta a gaban ma'aikaci, ka sa ya duba ko akwai tara a kanta, sannan ka karɓi takardar da ke nuna ka dawo da ita lafiya da ranar da za a saki kuɗin jinginarka.